KAFIN KA KAI FOSTARKA ABUJA, FARA RATAYE TA A DAƊIN KOWA



Duk shekara ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya na ƙasar nan suna fitar da sanarwar tarukansu na ƙara wa juna sani: likitoci, nas-nas da ungozomomi, masu gwaje-gwaje, masu harhaɗa magunguna, jami'an lafiyar al'umma. Kowace sanarwa takan zo da gayyata iri ɗaya, wato duk mai bincike ya aiko da tsakure kafin rana kaza. Tsakure shi ne taƙaitaccen bayanin binciken, galibi kalmomi 250 zuwa 300. Wanda aka karɓi nasa, ko a ba shi 'yan mintoci ya yi bayani a gaban mahalarta, ko kuma a ba shi allo ya rataye fosta, wato babbar takarda ɗaya mai ɗauke da binciken gaba ɗaya, ya tsaya kusa da ita yana amsa tambayoyi.

Wannan magana ta shafi mutane da yawa a cikinmu. Muna da 'ya'ya da ƙanne a JUTH da Jami'ar Jos, da Kwalejin Fasahar Lafiya ta Pankshin, da makarantar nas-nas ta Vom. Muna da masu aiki a asibitin nan na Daɗin Kowa da ƙananan asibitocin Jos ta Kudu. Ra'ayina shi ne: su rubuta, su je tarukan nan, amma duk wanda ya yi bincike a kanmu ya fara kawo mana fostarsa gida, ya yi mana bayaninta da Hausa, kafin ya naɗe ta ya hau mota. Binciken da mutanen da aka yi shi a kansu ba su gane ba, ko suka ji suka ce ba haka ba ne, bai nuna ba tukuna.

ME YA SA SAI AN RUBUTA?

Ba sai mun je nesa neman hujja ba. A watan Janairun 1969 aka ɗauko wata nas 'yar mishan mai suna Laura Wine daga garin Lassa, a jihar Borno ta yanzu, aka kawo ta asibitin mishan a nan Jos da wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani. Ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta ukun, Lily Pinneo, an fita da ita Amurka ta rayu, kuma a Jami'ar Yale aka gano cewa wata ƙwayar cuta ce da ba a taɓa sani ba. Likitar da ta duba su a Jos, Dokta Jeanette Troup, abin da ta lura da shi ya shiga rahoton farko na cutar, wanda aka buga a 1970 da sunanta a cikin marubuta. A farkon wannan shekarar cutar ta ɓarke a asibitin Evangel, Jankwano kenan, ita kanta likitar ta kamu ta rasu.

Masana sun tabbatar da cewa zazzaɓin Lassa ya girmi 1969 nesa ba kusa ba. Allah kaɗai ya san yawan mutanen ƙauye da ya kashe ana cewa zazzaɓi ne mai zafi. Abin da ya sauya a Jos shi ne an samu waɗanda suka lura, suka rubuta, suka aika wa masu iya ɗorawa. Shekara hamsin bayan nan, a Janairun 2019, hukumar NCDC ta shirya taron ƙasa da ƙasa a Abuja a kan wannan cuta kaɗai.

Ga misali na biyu, shi ma na gida. A 2017 aka sanar da cewa jihohin Filato da Nasarawa sun kawar da cutar tundurmi a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, bayan shekaru ana raba magani gida-gida tare da Cibiyar Carter mai ofishi a nan Jos. Masu rabon maganin mutanen ƙauyukan ne da kansu, kowa da littafinsa yana rubuta wa ya sha, wa bai sha ba. Ba don waɗannan littattafai ba, da babu mai iya cewa an kai inda ake so.

Yanzu mu duba namu. A kowane ƙaramin asibiti akwai rajistar awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafin yara, ta masu zazzaɓin cizon sauro. Ƙarshen wata a tattara a cike fom, a tura ƙaramar hukuma, a ajiye littafin a kabad. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da ke cikin rajistar shi ne wanda ya cike ta da hannunsa, amma da wuya ka ga sunansa a wani taro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai in bai faɗa ba, mai gyara zai hau rufin maƙwabci.

YADDA TSAKURE YAKE ZAMA MAI KYAU

Tsakure gaɓa huɗu gare shi: dalilin binciken, hanyar da aka bi, abin da aka samu, da abin da ya kamata a yi. Masu tantancewa suna karanta da yawa a ɗan lokaci, don haka wanda ya cinye rabin kalmominsa wajen bayanin cewa zazzaɓin cizon sauro babbar matsala ce a Afirka ya yi asarar wuri. Sun sani. Jimla biyu sun isa dalili.

Abu na farko, tambaya ta zama ɗaya kuma ƙarama. "Matsalolin lafiyar mata a jihar Filato" ya fi ƙarfin kalmomi 300. Amma "cikin matan da suka fara awon ciki a asibitinmu daga Janairu zuwa Disamba, nawa ne suka dawo suka haihu a asibiti?" tambaya ce da rajista za ta iya amsawa. Haka nan mutum zai iya tambaya ko ƙunar yara tana ƙaruwa a watannin sanyi, lokacin da ake kwana da gawayi a ɗaki, ko kuma gidajen da ke amfani da ruwan tsofaffin ramukan kuza sun fi kawo yara masu gudawa. Waɗannan abubuwa ne da muke gani, ba mu dai ƙirga su ba.

Na biyu, a faɗi hanya ƙarara: a ina aka yi, yaushe, mutum nawa, yaya aka zaɓe su. Wanda ya tambayi waɗanda suka zo asibiti kawai ya rubuta haka, kada ya ce mutanen Daɗin Kowa ya tambaya. Matar da ta haihu a gida ba ta cikin rajistarsa, kuma wataƙila ita ce ta fi buƙatar a ji labarinta.

Na uku, a kawo alƙaluma na gaskiya tare da asalinsu. "Kashi 80 cikin 100" yana da daɗin ji, amma in mutum 10 aka tambaya, mutum 8 ne kawai. A rubuta 8 cikin 10, mai karatu ya auna da kansa. Tsakuren da ya ce "za a gabatar da sakamako a wurin taro" yawanci ba ya wucewa, domin ya nuna ba a gama aikin ba.

Na huɗu, shawara kada ta wuce abin da aka samu. Binciken asibiti ɗaya na wata shida ba zai rufe da cewa gwamnatin tarayya ta sake fasalin harkar lafiya ba. In ya ce a gwada buɗe awon ciki da yamma sau ɗaya a mako a ga ko mata za su ƙaru, ya faɗi abin da shugaban asibiti zai iya yi ranar Litinin.

Ga mai jin tsoron Turanci, ga dabara: fara rubuta jimla huɗu da Hausa, kowace gaɓa jimla ɗaya. In sun tsaya da ƙafarsu, mayar da su Turanci ba wuya, kuma akwai malaman makaranta a cikinmu da za su gyara nahawu. In jimlolin huɗu sun gagara da Hausa, to matsalar tana cikin binciken, Turanci ba zai rufe ta ba. Sannan a karanta ƙa'idojin taron tun da wuri: yawan kalmomi, ranar rufe karɓa, da ko ana son a cire sunan marubuci daga jikin rubutun. Tun ran gini ran zane.

ABUBUWA UKU DA KE ZUBAR DA MUTUNCI

Na farko shi ne kwafe. A ɗauko binciken wata jiha a intanet, a goge sunan garin a sa Jos. Yanzu ma an samu sabon salo, a ce wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuto tsakure, ita kuwa ta zubo alƙaluma masu kyan gani waɗanda babu wanda ya taɓa ƙirgawa. A yi amfani da manhaja wajen gyara Turanci, wannan daban. Amma lambar da ba ta fito daga rajista ko takardar tambayoyi ba ƙarya ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: tambaya ɗaya a gaban allo ta isa ta tona asiri. Abin da ya fi kunyar muni shi ne ranar da ba a gane ba, wani ya ɗauki lambar ya gina shawara a kanta, a kai magani inda ba a buƙata.

Na biyu shi ne rabon suna. Oga bai ga binciken ba amma sunansa ne a gaba, ungozomar da ta yi wata uku tana tattara bayanai kuwa ko godiya babu. Ƙa'idar da mujallun lafiya na duniya suke bi ita ce marubuci shi ne wanda ya sa hannu sosai a tsara aikin, ko tattara bayanai, ko nazarinsu, ya kuma karanta rubutun ya yarda zai amsa tambaya a kansa. A zauna a yi wannan magana tun kafin a fara, ba daren da za a tura ba.

Na uku shi ne tarukan bogi. Saƙo zai shigo maka cewa an gayyace ka wani babban taro a Dubai ko Landan, ka tura tsakure yau gobe a ce an karɓa, jibi a nemi kuɗi. Taron kirki yana da ƙungiyar da aka sani a bayansa, kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya ba da amsa. Kafin ka biya ko sisi, tambayi manyanka a wurin aiki ko sun san masu taron.

IZINI DA SIRRIN MAJINYACI

Mu 'yan Arewa mun san abin da rashin neman izini yake jawowa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Rashin yardar da wannan ya shuka har yau ma'aikatan rigakafi suna girbarsa a ƙofar gidaje.

Binciken ɗalibi ko na nas bai kai wannan girma ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma akwai kwamitocin da ke duba tsarin bincike kafin a fara, ciki har da na JUTH. Ko rajista kawai za ka buɗe, nemi izini a rubuce, domin taruka da yawa suna tambayar shaidarsa. In mutane za ka tambaya, yi musu bayani da harshen da suke ji, su san suna da damar cewa a'a ba tare da an hana su magani ba.

A jikin fosta kuwa kada a ga suna, ko lambar kati, ko fuskar majinyaci. Ɗan baƙin layin da ake ja a kan ido ba ya ɓoye mutum a unguwar da kowa ya san kowa. Yau ana ɗaukar hoton fosta da waya, kafin ka dawo gida ta riga ka isowa ta WhatsApp. Akwai kuma abin da mu mutanen Jos ya kamata mu fi kowa kiyayewa: fostar da za ta nuna cewa 'yan unguwa kaza, ko ƙabila kaza, ko masu addini kaza su ne masu cuta kaza. In binciken bai dogara da wannan rabe-raben ba, a bar shi. Garin nan ya ga abin da ya ishe shi.

FOSTA ABIN KALLO CE

A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya kai wa hukumar unguwar hujjarsa, aka cire hannun famfon da ke titin Broad Street. Daga baya ya fitar da taswira, kowane mamaci da alamarsa a gidan da ya rasu, alamomin sun yi cincirindo kewaye da famfon. Har yau ana koyar da wannan taswira, domin kallo ɗaya ya isa mutum ya gane. Gani ya kori ji. Abin da ake so fosta ta yi kenan.

Mai wucewa a zauren taro 'yan daƙiƙoƙi zai ba ka. Saboda haka kanun fosta ya faɗi abin da aka gano, da manyan haruffan da za a karanta daga nesa. A tsakiya a sa zane ɗaya ko biyu masu ɗauke da babban sakamako, a rubuta abin da kowane gefe na zanen yake nufi da yawan mutanen da aka ƙirga. Sauran rubutu ya zama gajerun layuka, da haruffan da mai tsaye taku biyu daga allo zai karanta ba tare da ya matso ba. Kada a kwashe babi biyar na kundin kammala karatu a cusa. Launi biyu ko uku sun isa, kuma a guji haɗa ja da kore a zane ɗaya, don akwai masu idon da ba ya bambanta su. Hoton mai binciken ba dole ba ne, ba takarar kansila ya fito ba.

Girman da aka fi nema shi ne A0, wato kusan santimita 84 da 119, amma a duba sanarwar taron, a kuma tabbatar a tsaye ake so ko a kwance, domin allon ba zai juya saboda kai ba. PowerPoint ya isa a tsara ta, in aka saita girman shafin tun farko. Kafin a kai wa masu buga bana, a fara fitar da ita a ƙaramar takarda a ba mutum biyu su nemo kuskure. Gyara bayan an buga kuɗi ne sabo. A ƙarshe mutum ya shirya bayanin minti biyu ko uku da zai yi wa duk wanda ya tsaya.

ME ZAI SA A FARA DA GIDA?

Wani zai ce me mai shago ko ungozomar gargajiya suka sani game da bincike? Sun san abin da rajista ba ta rubuta ba. Mai bincike zai ga zuwan mata awo ya ragu a wasu watanni, ya rubuta cewa rashin wayewa ne. In ya faɗi haka a gaban matan unguwa, wata za ta tuna masa cewa lokacin aikin gona ne, ko an yi dokar hana fita, ko kuɗin mota ya tashi, ko kuma an sauya ma'aikaciyar da suka saba da ita. Gara ya ji wannan a Daɗin Kowa ya gyara, da ya kai kuskuren Abuja a tafa masa. Da ɗan gari akan ci gari.

Wani kuma zai ce fosta ba ta taɓa gyara asibiti ba, takardar ƙarin girma kawai ake nema. Neman ƙarin girma ba laifi ba ne, haƙƙin ma'aikaci ne. Gaskiya ne kuma fosta da yawa daga zauren taro sai ƙarƙashin gado. Dalilin da ya sa suke mutuwa a can shi ne waɗanda abin ya dama ba su taɓa ganinsu ba. Idan mai unguwa da shugabar mata da kwamitin lafiya na mazaɓa sun ji sakamakon da kunnensu, ranar da za su je sakatariyar ƙaramar hukuma a Bukuru za su je da lamba a hannu. Koke mai lamba ya fi wuyar turewa.

Akwai kuma batun haƙƙi. Matar da ta bar girkinta ta zauna minti talatin tana amsa tambayoyi ta ba da wani abu nata. Mafi ƙarancin sakayya shi ne a dawo a gaya mata abin da aka samu. In ba a yi haka ba, mai bincike na gaba zai tarar da ƙofa a rufe, kuma ba zai ga laifin kowa ba.

Shawarar da zan gabatar wa shugabanni a zamanmu na gaba ita ce: duk ɗan ƙungiya ko ɗan unguwa da aka karɓi tsakurensa, a ba shi minti goma a taronmu ya rataye fostarsa ya yi bayani da Hausa, a yi masa tambayoyi. Masu Turanci a cikinmu su taimaka da gyaran rubutu, masu kwamfuta su taimaka da tsari. In asusu ya ba da dama, a duba yiwuwar tallafa wa ɗalibai da kuɗin bugawa, da sharaɗin in sun dawo za su ba mu taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa mu sa a wannan shafi.

Ma'aikatan lafiyarmu da ɗalibai, ku buɗe rajistocin nan da izini, ku zaɓi tambaya ɗaya, ku ƙirga da gaskiya. Iyaye da sauran jama'a, in an zo da bayani ku zo ku saurara, ku yi tambaya ba kunya. Mai ƙarin haske ko saɓanin ra'ayi, ƙofa a buɗe take.

Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, ya ba yaranmu sa'a.

Sakataren Ƙungiya
Daɗin Kowa, Jos